CD Projekt, ku kuka sa rana, ma'aikata suka biya da jikinsu

A watan Mayun 2019, Marcin Iwiński, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin CD Projekt a birnin Warso na ƙasar Poland, ya shaida wa ɗan jarida Jason Schreier cewa ba za a tilasta wa kowa aikin ƙarin lokaci ba wajen haɗa wasan bidiyo na Cyberpunk 2077. Ya ce burinsu a san su da mutunta ma'aikata. A ƙarshen Satumbar 2020 kuwa, shugaban sashen haɗa wasanni, Adam Badowski, ya aika wa ma'aikata saƙo cewa daga yanzu kwana shida za a riƙa yi a mako, kuma dole ne, har wasan ya fito. Wata 16 ke tsakanin maganganun biyu. Wannan saɓa alkawari ne ƙiri-ƙiri.

Ku shugabannin kamfanin nan, da ku nake. Mai zane bai sa ranar fitar da wasa ba, mai rubuta manhaja ma bai sa ba. Ku kuka yi shela a taron baje kolin wasannin bidiyo na E3 a 2019 cewa 16 ga Afrilun 2020 ne. Kuka ɗaga zuwa 17 ga Satumba, kuka koma 19 ga Nuwamba, kuka ƙare a 10 ga Disamba. Duk ɗagawar da kuka yi, ma'aikaci bai samu numfashi ba, wa'adin wahalarsa kawai kuka tsawaita. Schreier ya ruwaito daga baya cewa wasu ma'aikatanku suna ganin sai 2022 aikin zai nuna. Amma ga masu hannun jari suna jira, ga kasuwar Kirsimeti, ga oda miliyan 8 da aka yi tun wasa bai fito ba. Sai kuka zama kamar mai gonar da ya makara da shuka, ya koma yana huce haushi a kan 'yan ƙwadago.

Na san amsarku: an biya kuɗin ranar Asabar kamar yadda dokar ƙwadago ta Poland ta tanada, kuma kun ce za a raba wa ma'aikata kashi 10 cikin ɗari na ribar shekara. To, biyan haƙƙi wajibi ne, ba alfarma ba. Kuɗin kuma ba ya mayar da barcin da ya wuce, ba ya mayar wa yaro watannin da ya yi yana kwanciya ubansa bai dawo ba, yana tashi ya riga ya fita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda masana'antar nan take ɗaure mutum da son da yake yi wa sana'arsa. Matashi ya taso yana mafarkin haɗa wasa, ya samu aiki da ƙyar, ya ga ƙarfe tara na dare kowa yana zaune gaban kwamfuta. Wa zai fara miƙewa? Ko ba a ce masa dole ba, ya san wanda ya tafi gida da wuri shi za a tuna ranar ƙarin girma, shi za a tuna ranar rage ma'aikata.

Ba za ku ce ba ku sani ba. Tun 2004 Erin Hoffman ta fallasa irin wannan bauta a kamfanin Electronic Arts na Amurka, inda wanda za ta aura yake aiki, kuma a 2005 kamfanin ya amince ya biya masu zanensa dala miliyan 15.6 a kan ƙarin lokacin da bai biya ba. Duk mai harkar wasannin bidiyo ya san labarin.

Me wahalar ta haifar? Wasan ya fito cike da matsaloli a na'urorin PlayStation 4 da Xbox One. Cikin kusan mako guda kamfanin Sony, mai PlayStation, ya cire shi daga shagonsa, ya mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo da shi ba sai Yunin 2021. Gajiyayyen mutum kuskure yake ƙarawa, wannan ko shugaban ƙaramin ofis ya sani. A Janairun 2021 Iwiński ya fito ya ba masu saye haƙuri, ya ce laifin shugabanni ne, amma a cikin jawabin ya ce gwajin da aka yi bai nuna babban kaso na matsalolin ba. Wato bayan an tatse masu gwajin wasa, an kuma goga musu baƙin fenti. Wasan bai tsaya da ƙafarsa sosai ba sai 2023, bayan an ba shi lokacin da kuka hana shi tun farko.

A Yulin 2023 kuka sanar da sallamar kusan mutum 100, kimanin kashi 9 cikin ɗari na ma'aikata. A Oktoba aka ji ma'aikatanku sun kafa ƙungiyar ƙwadago ta masu haɗa wasanni a Poland, kuma sun yi daidai. Yanzu kuna haɗa sabon wasan The Witcher. Kada ku faɗi rana sai masu aikin sun ce za ta yiwu, kuma iyakar awannin aiki a rubuta ta a takarda, ku sa hannu, ƙungiyar ma ta sa.