Ruwan Alwala Da Makewayin Makaranta

Jama'ar Gwandu da Kalgo, ga wata magana da muke so a duba da idon basira. A rangadin makarantu mun sha tarar da makewayi irin na Turawa, an kashe masa kuɗi masu yawa, amma ga kwaɗo garƙame a ƙofa. Dalili kuwa, duk wanda ya shiga sai ya zubar da ruwa kamar lita 9, alhali rijiya ta janye tun cikin bazara. Yara sai su nufi bayan gari. Damina na sauka ruwa ya kwashi ƙazantar ya kai fadama, sai amai da gudawa, cutar da ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya cikin 2021.

Salga mai murfi, wadda buta ɗaya ke wankewa, ita ta fi dacewa da mu. Ruwan wankinta ma ba sai an jawo sabo ba. Ku dubi abin da ke malala daga wurin alwala kowace Juma'a. In an tara shi, an tace da yashi da gawayi, ya isa wankin salga, har itacen makaranta ya sha.

Mun san inda gizo ke saƙa, watau ƙyama. Ba mu ce ƙyama jahilci ce ba, gama ita ke tsare mutum daga cuta. Amma a ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ba a yanke hukuncin ruwa da ƙyama. Yaron da ya karanta Ishmawi ya san abu uku ake dubawa: launi, da ɗanɗano, da wari. Kan wannan ƙa'ida manyan malaman Saudiyya suka ba da fatawa a 1978, cewa ruwan kwata da aka tace sarai ya halatta har ga alwala. Mutanen Windhoek, babban birnin Namibiya, tun 1968 suke shan irinsa.

To, kada wani ya ce mun ce a sha. Nasu da manyan injuna ake tace shi, yashi da gawayi kuwa ba su kashe ƙwayoyin cuta duka.

Roƙonmu ga limamai su bayyana hukuncin nan a huɗuba, gama an fi jin bakinsu da na ma'aikacin lafiya. Shugabannin makarantu kuma su gina kwarmin tara ruwan tun kafin rijiyoyi su janye.