Toulmin: Hujja a Kotu Ake Koyonta

Lokacin da Stephen Toulmin ya fitar da littafinsa The Uses of Argument a 1958, yana koyarwa a Jami'ar Leeds, masana falsafar Ingila kallon hadarin kaji suka yi masa. Laifinsa a wurinsu shi ne ya ce ilimin mandiƙi ya saki hanya tun da ya mayar da lissafi abin koyinsa, alhali mai son sanin yadda ake kafa hujja kotu ya kamata ya nufa, ya ga yadda lauya ke kare magana. Ina ganin gaskiya tana gefensa. Ba kuma jahiltar lissafi ce ta sa shi faɗin haka ba: an haife shi a Landan a 1922, lissafi da fiziks ya karanta a Cambridge, ya yi aikin na'urar rada a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya dawo ya zauna a darussan masanin falsafa Wittgenstein.

Misalinsa ɗan ƙarami ne. Wani ya ce Harry ɗan Birtaniya ne, aka tambaye shi dalili, ya ce ai a tsibirin Bermuda aka haife shi. Toulmin bai tsaya nan ba. Me ya haɗa wurin haihuwa da zama ɗan ƙasa? Akwai ƙa'idar da mai maganar ya jingina da ita bai furta ba, cewa haifaffen Bermuda yawanci ɗan Birtaniya ne. Ita ma ƙa'idar sai an nuna dokar da ta tsaya mata. Bayan haka dole mai da'awa ya faɗi iyakar ƙarfin maganarsa, wato "mai yiwuwa" ce ko "tabbas", ya kuma ambaci abin da zai iya rushe ta, kamar a ce iyayen Harry baƙi ne, ko ya riga ya zama Ba'amurke. Wannan ƙa'ida da ake haɗiyewa ita ce maɓoyar yawancin yaudarar da ake yi wa jama'a, domin ɗan siyasa kan jero alƙaluma na gaskiya ya ɗora musu hukuncin da ba su haifa ba.

Masu suka suna da magana mai nauyi. Tun da Toulmin ya yarda cewa likita da alƙali da masanin taurari kowa da ma'auninsa, me zai hana kowane mai son zuciya ya ce nasa fagen ma da nasa ma'auni? Amsar ita ce ma'auni ne ke sauyawa, wajibcin fito da shi fili a tuhume shi ba ya sauyawa. Wanda aka ce ya kawo madogara ya kasa, ya faɗi, ko a wane fage yake.

Rayuwar Toulmin ta ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi. Malaman koyar da muhawara na Amurka ne suka rungumi littafin, shi ma Toulmin ya koma can a 1965. A shekarun 1970 ya yi aiki da hukumar da Majalisar Dokokin Amurka ta kafa don kare mutanen da ake gwajin likitanci a kansu. Shi da abokin aikinsa Albert Jonsen sun lura cewa mambobin kan daidaita a kan takamaiman mas'ala, amma da zarar an tambaye su babbar aƙidar da ta kai su ga hukuncin, sai su rabu. Daga nan littafinsu The Abuse of Casuistry na 1988 ya samo asali. Toulmin ya rasu a Los Angeles a 2009, tsarinsa kuwa har yau ana koyar da shi a azuzuwan rubutu da muhawara.