Idan Kamfani Ya Sayi Kamfani, Bayanan Lafiyarka Na Cikin Cinikin

Duk lokacin da muka ga labarin wani katafaren kamfani ya sayi wani, da yawanmu wucewa muke yi, mu ce wannan harkar masu kuɗi ce. To amma idan kamfanin da aka saya shi ke riƙe da sakamakon gwajin jininka fa?

Mu leƙa Amurka. A watan Oktoban 2022, kamfanin inshorar lafiya na UnitedHealth ya kammala sayen Change Healthcare kan kusan dala biliyan 13. Aikin Change shi ne shiga tsakanin asibiti, kantin magani da kamfanin inshora, yana kai takardun neman biya ta intanet. Ma'aikatar shari'ar ƙasar ta je kotu don hana cinikin, tana cewa kamfani ɗaya zai riƙa ganin bayanan abokan hamayyarsa. Alƙali bai yarda ba, ciniki ya faɗa.

Ba a cika shekara biyu ba, a Fabrairun 2024, gungun masu kutse na BlackCat suka shiga rumbun Change. Ta ina? Ta wata ƙofa da ba a sa mata tantancewa mai matakai biyu ba, irin wadda kai ma kake sa wa WhatsApp ɗinka. Shugaban kamfanin na lokacin, Andrew Witty, ya tabbatar wa majalisar dokoki cewa sun biya kuɗin fansa dala miliyan 22. Bayanan mutum kusan miliyan 190 abin ya shafa. Kantunan magani suka kasa tantance inshorar majinyata, ƙananan asibitoci suka yi makonni kuɗinsu bai shigo ba.

Abin lura shi ne, idan hanya ɗaya kowa ke bi, ranar da ta toshe kowa ya tsaya. Kuma cinikin bai tsaya nan ba. Oracle ya sayi Cerner, mai manhajar adana bayanan majinyata, kan kusan dala biliyan 28 a 2022. Google ya sayi Fitbit kan dala biliyan 2.1, amma sai da Tarayyar Turai ta gindaya masa sharaɗi: shekara 10 ba zai yi amfani da bayanan lafiyar masu agogon wajen talla ba.

Masu kare irin wannan ciniki na cewa babban kamfani ya fi jari da ƙwararru, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai majinyaci ba ya teburin da ake yin cinikin, alhali tarihin ciwonsa na cikin abin da ya sa kamfanin ya yi tsada.

Kar ka ce abin na nesa ne. A 2021 kamfanin Helium Health na Najeriya ya sayi Meddy na Katar, kuma asibitocinmu na ta komawa kwamfuta. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba ka damar tambayar abin da ake yi da bayananka. Don haka kafin ka zuba sirrinka a wata manhajar lafiya, duba wa ya mallake ta, da abin da ƙa'idarta ta ce idan aka sayar da ita. Katin banki idan an sace ana sauya shi, tarihin ciwo kuwa ba a sauyawa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi.