A Auna Iskar Bena Unguwa Unguwa!

Ya ku 'yan'uwa talakawa, a 2010 ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a maƙwabtanmu na Zamfara, wajen Anka da Bukkuyum. Sai da aka yi ta binne yara kana aka zo da na'urar awo. Mu mutanen Bena ba mu yarda mu jira haka ba.

Ashe mai tuyar ƙosai a bakin tasha, cikin hayaƙin manyan motoci da janareto, iska ɗaya take shaƙa da mai gidan bayan gari? Faufau! Tun 2007 aka kafa hukumar NESREA don tsare muhalli. Muna kiranta ta auna kasuwa, tasha da wajen injin niƙa, kowanne dabam, a manna sakamakon inda muke biyan kuɗin rumfa.