Ra'ayinmu: Ba Daƙiƙai Ba Ne

Kusan kowace firamare tana da yaron da ya fi kowa riƙe tatsuniya da iya zance, amma da zarar an buɗe littafi sai b da d da ɓ da ɗ su cuɗe masa. Malam ya ce daƙiƙi ne, bulala ta biyo baya, ƙarshenta ya guje wa makaranta. Lalurarsa kuwa tana da suna, disileksiya, wanda Rudolf Berlin, likitan ido Bajamushe, ya raɗa mata. Wahalar haɗa harafi da sautinsa ce, ba ƙarancin basira ba.

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa lamarin ya fi muni. Bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020, rashin tsaro ya sa an rufe makarantu da dama, karatu ya yi ta yankewa. Sai irin wannan yaro ya ɓace cikin ɗimbin waɗanda aka bari a baya, alhali shi ya fi kowa buƙatar bita kullum.

Hanyar taimakonsa ba baƙuwa ba ce. Tun fil'azal malaman allo kan fara da babbaƙu kafin farfaru. Shi ma a bi shi harafi-harafi: ya gani, ya furta, ya zana da yatsa a ƙasa, a yi ta maimaitawa ba tsawa.

Muna kira ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da takwarorinta su koya wa ɗaliban malanta gane wannan lalura. Mu kuma 'yan waɗannan garuruwa, in an yi hutu kowa ya ɗauki yaro guda a unguwarsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.