Kada mu jira sai an kai ga turu

Jama'a, a Gangara da ƙauyukan kewayenta, idan zazzaɓi ya kama yaro kowa ya san hanyar likita. Amma idan hankalin mutum ne ya taɓu, sai gida ya yi tsit. A ɓoye shi a ɗaki, a ce iska ce ta buge shi. Sai ya fara duka ko ya shiga daji sannan a nemo igiya, ko a sa shi a turu. A ganina, wannan jinkiri ya fi cutar kanta yi mana ɓarna.

Ciwon hankali ba hauka tuburan kaɗai ba ne. Akwai manomin da gero ya ƙi masa, bashi ya hau kansa. Barci ya ƙaurace masa makonni, ya daina cin abinci, ya daina zama cikin mutane. Akwai saurayin da ya fara shan tramol don ya daɗe yana noma, yau ba ya iya tashi sai da shi. Akwai kuma mai jego da ke kuka ba dalili, ba ta sha'awar ɗaukar jaririnta. Sai a ce lalaci ne ko shagwaɓa. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu, kusan mace 1 cikin 5 tana fama da irin wannan damuwa bayan haihuwa.

To, ina za a nemi mai duba su? Ba sai an fara da Yamai ba. A fara da likitar da ta fi kusa. A sami majo, a gaya masa abin da ke faruwa filla-filla: yaushe abin ya fara, ko mutumin yana barci, ko yana jin muryoyi, ko yana shan ƙwaya. Nan ne da yawanmu muke kuskure. Mutum ya je, kunya ta hana shi magana, sai ya ce kansa ke ciwo. A ba shi maganin ciwon kai ya koma gida da cutarsa. Shi ya sa ya kyautu wani na gida, wanda ya san halin da ake ciki, ya raka shi.

Idan abin ya fi ƙarfin majo, zai rubuta takarda zuwa asibitin gunduma, kamar na Agye. Daga can ana iya turawa babban asibitin jiha a Maraɗi. A babban asibitin ƙasa na Yamai kuwa akwai sashe na musamman na masu ciwon hankali. A adana takardun nan, kada a yar. Kuma kada a tsai da magani don an ga sauƙi, sai da izinin lokotoro.

Ban ce a bar addu'a ba. Malam ya yi tasa, lokotoro ya yi nasa. Abin da nake ƙi shi ne a sayar da buhun wake da akuya ana yawon neman magani shekara guda, ba a taɓa taka ƙofar likita ba.

Su ma hukumomi da sauran aiki a gabansu. Tun shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin koya wa ma'aikatan ƙananan likitoci gane waɗannan cututtuka. Ya kamata kowane majo na karkara ya sami wannan horo, maganin kuma ya iso inda yake.

Manoma kuma, ku kula da maganin ƙwari. A duniya, kusan mutum 1 cikin 5 da suka kashe kansu, maganin ƙwari suka sha. Idan wani a gidanku yana cewa ya gaji da duniya, ku ɗauke maganin feshi daga ɗaki, ku kulle shi nesa. Kada ku bar shi shi kaɗai, kuma ku kai shi likita a ranar.