Sunan da Zai Iya Haye Gada

Duk wanda ya halarci taron suna a Barnawa ko Kakuri ko Sabon Tasha cikin 'yan shekarun nan ya ga wata sabuwar gasa tsakanin matasan ma'aikata: kowa so yake abin da ya haifa ya amsa sunan da babu mai irinsa a unguwa. Wannan ya tono daga ƙamus na Larabci, wancan ya aro daga fim ɗin Indiya ko na Amurka, har kaka ta kasa furta sunan jikanta. Wasu kuwa tun ciki bai tsufa ba suke cigiyar sunan da zai dace, ko namiji aka samu ko mace.

'Yan'uwana, neman baƙon suna ba laifi ba ne, amma an tafi nesa neman abin da ke cikin ɗaki. Bahaushe yana da irin waɗannan sunaye tun kaka da kakanni, kuma kowanne da labarinsa. Wanda ya biyo bayan tagwaye shi ne Gambo, mace ko namiji: ga Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, jarumar NEPU da ta rasu a 2001, ga kuma Muhammadu Gambo Jimeta da ya zama Sufeto Janar na 'yan sanda a 1986. Na ƙarshe a ɗaki Auta ne, mai yatsa shida Cindo. Akwai Kyauta, akwai Godiya da Alheri, waɗanda coci-cocin Arewa suka riƙe da kyau. Yawancinsu an yi watsi da su har sun koma baƙi, wai don na ƙauye ne. Ƙauyen da muka fito!

A Kaduna maganar ta wuce ta ado. Lokacin da masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a 1957, da sauran masaƙun Kakuri suke aiki, kowace ƙabila tana zaune kudancin kogi. Rikicin Shari'a na 2000 da wani rikicin na 2002 suka raba garin, yawancin Musulmi suka koma arewa, Kirista suka taru kudu. Waɗanda suka ga kwanakin nan sun san cewa a bakin shingen 'yan tarzoma tambayar farko ita ce, "Yaya sunanka?" Har yau mai neman gidan haya yana shan wannan tambaya kafin a faɗa masa kuɗi.

Gambo da Auta da Kyauta ba sa faɗin inda mutum yake ibada. Ba ina nufin a ɓoye addini ba, kuma suna kaɗai ba zai ɗinke gari ba. Musulmi ya raɗa sunan yanka ran bakwai, Kirista ya ba da na baftisma, amma a haɗa da irin wannan a takardar haihuwa, domin shi yaro zai ɗauka zuwa makaranta, da ofis, da ƙetaren gada.